Bindigar da ta haɗa bakin raifil da na tsuntsu: me ya sa ba a ganinta a Kano?

*"Assalamu alaikum Baba. Ina zaune a Hotoro, amma duk rani ina bin 'yan'uwa farauta a ƙauyenmu ta wajen Rano. Kwanan baya na ga wani bidiyo a YouTube na bindiga mai baki biyu, sama da ƙasa. Ɗaya na harba harsashi ƙwaya ɗaya mai cin nisa, ɗayan na harba irin na tsuntsu mai bajewa. Sai na ga ai wannan ce maganin matsalarmu, domin sau da yawa za ka fita neman zabi gada ta tsaya maka can nesa. Me ya sa ban taɓa ganin irinta a hannun kowa a nan ba? Ana samunta a Najeriya ta hanyar da hukuma ta yarda? In mutum na da hali, ta fi baki-biyun da muka saba da ita?"*

Wa'alaikumus salam, ɗana. Tambayarka uku ce a dunƙule: abin da ya hana bindigar yaɗuwa a wajenmu, ko akwai hanyar mallakarta ba tare da an taka doka ba, da kuma ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu. Bari in faɗa maka inda na dosa tun yanzu. Bindiga ce mai kyau, an ƙera ta da basira, amma don dajin wasu mutane da dokar wasu mutane aka ƙera ta. A ƙasar Kano rabinta ne zai yi maka aiki, ɗaya rabin dakonsa kawai za ka riƙa yi a kafaɗa.

Ni maharbi ne, na tsufa da baki-biyu mai lasisi a hannu, na kuma yi aikin gandun daji kafin in ajiye. Abin da zan faɗa a kan doka karatun mai riƙe da lasisi ne, ba fatawar lauya ba, kuma maganar ƙarshe a kan takarda tana hannun 'yan sanda a Bompai.

Yadda aka yi ta

Bindigogin farauta gida biyu ne. Akwai wadda cikin bakinta sumul yake, ita ce ta tsuntsu. Harsashinta kwanson roba ne cike da 'ya'yan darma, in ka ja kunama sai su fita su baje. Baki-ɗaya da baki-biyu, har bindigar toka ta kakanninmu, duk 'yan gidan nan ne. Akwai kuma raifil, wadda aka tsattsaga cikin bakinta da layuka masu murɗewa tun daga gindi har ƙarshe. Layukan nan su ke kama harsashin, ƙwaya ɗaya tal, su murza shi ya tafi yana katantanwa, shi ya sa ba ya karkacewa ko da ya yi nisa. Ta tsuntsu tana da faɗin kamu, amma daga mita 35 zuwa 40 ƙarfinta ya ƙare. Raifil ba ta da faɗi, in ka kauce da taƙi ɗaya ka kauce ke nan, amma mai hannu zai kwantar da dabba da ita a mita 150 ko fiye.

Wadda ka gani ta ɗauko baki ɗaya daga kowane gida ta haɗa su a kan gindi guda, kuma karya ta ake yi a tsakiya a zura harsashi, yadda ake yi wa baki-biyu. Wata sama da ƙasa ce, irin ta bidiyonka. Wata gefe da gefe ce, wadda Turawan Afirka ta Kudu suka yi yayi tun ƙarni na 19 har sunan yankin Kef ya bi ta. Sai uwa-uba mai baki uku da Jamusawa ke kira Drilling: bakin tsuntsu biyu a jere a sama, bakin raifil ɗaya kwance a ƙarƙashinsu. Wani maƙeri a birnin Munik mai suna Peter Oberhammer ne ya yi mata rajista a 1878, daga nan garin Suhl na Jamus da Ferlach na Ostiriya suka mai da ita sana'ar gado. Sauer & Sohn, Merkel, Krieghoff, Heym, Blaser, duk sunayen da za ka ci karo da su ke nan. Har mai baki huɗu suna yi, amma wannan ta masu kuɗi ce da ke son a gani.

Amurkawa kuma suka yi ta talaka. Kamfanin Stevens ya fito da ƙarama mai ƙaramin bakin raifil na .22 a sama da ƙaramin bakin tsuntsu na .410 a ƙasa a ƙarshen shekarun 1930, daga 1950 ta koma Savage 24, aka daɗe ana yin ta kafin a maye gurbinta da Savage 42 a 2012. Rasha na da Baikal MP-94 daga garin Izhevsk, Finlan ta yi Valmet 412, Italiya na da Chiappa Double Badger. Sojoji ma sun taɓa shiga harkar. A yaƙin duniya na biyu rundunar saman Jamus ta saka wa wasu matuƙanta Drilling ƙirar Sauer, wadda ake kira M30, a cikin akwati, don in jirgi ya faɗi a hamadar Arewacin Afirka su samu abin neman abinci. A shekarun 1950 sojan saman Amurka ya yi M6 mai naɗewa, .22 Hornet a kan .410, da irin wannan niyya. Ka lura, duka biyun don cika ciki aka ba su, ba don yaƙi ba.

Dalilin da Bajamushe ke ƙaunarta

In ka gane wannan, ka gane rabin amsarka. A Jamus maharbi ba ya fita yawo duk inda ƙafa ta kai shi. Yanki ake kama haya na shekaru, sai ka ci jarrabawa mai tsauri kafin a ba ka takardar farauta, kuma yawancin harbin a zaune ake yin sa, a kan wani ɗan dandamali na katako da aka ɗaga sama a bakin daji. Mutum zai hau tun la'asar ya zauna shi kaɗai har duhu, bai san abin da zai fito ba. Ko barewarsu ta fito, ko aladen daji, ko yanyawa, ko zomo, ko agwagwar ruwa ta gifta. Sannan dokar farautarsu ta tarayya ta haramta harbin duk dabba mai kofato da harsashi mai bajewa. Dole ƙwaya ɗaya. To mutumin da ke zaune a sama, ba damar komawa mota ya sauya bindiga, doka kuma ta ce wannan dabba da wancan harsashi, me ya fi masa? Bindigar da ta riƙe duka biyun. Doka da salon farauta ne suka raya ta.

A Amurka inda lokutan farauta suke a rarrabe, yau na barewa, gobe na tsuntsu, ga raifil mai cin harsashi biyar da arha, ba ta taɓa wuce bindigar manomi da ta yaro mai koyo ba. Saboda haka ko a can ɗin ba a cike take a shaguna ba. Ta Rashar ma tun 2014 ta daina shiga Amurka, da aka ƙaƙaba wa kamfanin Kalashnikov takunkumi, domin masana'antar Baikal a ƙarƙashinsa take.

Akwai kuma dalilin sana'a da ya sa masu yin ta ba su da yawa. Baki biyu daban-daban, harsashi biyu masu gudu daban-daban, amma saiti ɗaya. Sai an zauna an daidaita su da hannu, a harba, a gyara, a sake harbawa, har su yarda su nufi wuri guda a tazarar da ake so, sannan a like su. Aiki ne na gwani mai cin lokaci, shi ya sa sabuwar Drilling take cin dubban Yuro. Masu arha kuwa a nan suke rage aiki, sai ka tarar bakin sama na bugun daidai, na ƙasa na zubawa ƙasa da hagu. Ko mai tsadar tana da halinta. Ka taɓa jin kwanon rufi yana ƙas-ƙas in rana ta take, ƙarfe na miƙewa? Haka bakin raifil ke yi in ya ɗau zafi, alhali ɗan'uwansa da aka like su tare yana nan da sanyinsa. Mai zafi na son miƙewa, mai sanyi ya riƙe shi, sai bakin ya ɗan lanƙwasa. A Drilling, da yake raifil ɗin a ƙasa yake, harbi na biyu da na uku in ka jera su sai su riƙa hawa sama. Sai ka jira ta huce. Sababbin ƙira sun raba bakunan don maganin wannan, amma tsofaffin da ake sayarwa da sauƙi duk likakku ne. Bajamushe bai damu ba, harbi ɗaya yake yi a dare guda.

Me ya sa ba ta iso mu ba

Tarihi ya riga ka. A 1890 ƙasashen Turai sun yi yarjejeniya a Burasal, suka hana sayar wa 'yan Afirka bindiga mai tsagaggen baki a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu. Abin da aka bari a kasuwa shi ne bindigar ƙanƙara mai sumul ɗin ciki da albarushin fatauci. Kano tana kan digiri 12, tsakiyar yankin ke nan. Da Turawan Ingila suka ci garin a 1903 sai suka ɗora a kan haka: raifil ta Bature ce da sojansa, sai wani babba da aka yi wa alfarma. Maharbin ƙauye ya zauna da adakarsa, daga baya masu hali suka samu baki-ɗaya da baki-biyu, irin su Baikal da tsofaffinmu suka sani. Don haka al'adar harbinmu gaba ɗaya a kan sumul ɗin baki ta ginu. Ba mu gaji raifil ba, ba mu gaji masu gyaranta ba, ba mu gaji masu sayar da harsashinta ba.

Farautarmu ma ba ta zaune ba ce. Ka fi ni sanin yadda ake yi a wajenku: a cika mota bayan an gama girbi, ga karnuka, ga gora, ga adda, ga kiɗa da kirari, a ja layi a kutsa. A irin wannan taron dabba a guje take tashi, kusa da kai, mutane a hagunka da damanka, wasu a gabanka ba ka ganinsu saboda sabara. Wurin nan ba wurin raifil ba ne ko kusa.

Abin da doka ta ce

Dokar makamai ta ƙasa, wadda asalinta na 1959 ne, ta kasa bindigogi kashi uku. Kashi na farko haramtattu, sai da izinin Shugaban Ƙasa: masu sarrafa kansu, fistol da libarba, da raifil na soja masu faɗin baki 7.62mm, 9mm, .300 da .303. Kashi na biyu na mallakar mutum, lasisinsu daga Sufeto Janar na 'yan sanda: bindigar tsuntsu wadda ba ta ɗura wa kanta harsashi, raifil na farauta da faɗin bakinsa bai shiga waɗancan ba, da bindigar iska. Kashi na uku na ɗuri ta baki, wato su adaka, waɗannan a hannun Kwamishinan 'yan sandan jiha suke. Ba a ba wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko mai raunin gani, ko mashayi, ko wanda kotu ta kama da laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce.

A takarda, bindigar da kake so za ta iya zama a kashi na biyu, tunda karyawa ake yi kuma ba ta ɗura wa kanta. Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Dubi bakin raifil ɗin. Yawancin manyan da za su burge ka, Savage mai .30-30, Baikal mai .308 ko .30-06 ko 7.62x39, tsofaffin na Kef masu .303, faɗin bakinsu ya faɗa daidai cikin lambobin da aka lissafa a kashi na farko. Kai ka ce ta farauta ce, jami'in da ya karanta lambar a jikin ƙarfen zai ce ta soja ce, kuma ba a bakin shinge ake cin irin wannan gardama ba. Waɗanda suka kuɓuta su ne ƙananan, irin .22 da .22 Hornet da .222, da na Jamus irin 7x57R da 6.5x57R.

Wannan duk in ana bayar da lasisin ke nan. A watan Yunin 2022, lokacin da Gwamna Bello Matawalle ya ce mutanen Zamfara su nemi bindiga su kare kansu, rundunar 'yan sandan jihar ta fito ta ce takunkumin bayar da lasisi yana nan daram. A Agustan 2023 Muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sake faɗa a fili cewa an dakatar da bayar da sabo. Irin wannan umarni yakan sauya da sauyin shugabanci, don haka ka taka da ƙafarka ka je hedikwata a Bompai ka ji halin da ake ciki a ranar, kada ka ɗauka daga bakin ɗan kamasho. Shigowa da ita daga waje kuma wani dogon zance ne. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 ta hana shigo da ƙananan makamai sai da takardar togiya, a gida kuma sai da takardar shaidar mai amfani daga ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro. Tun da kwastan suka kama bindigogi 661 a Legas a Janairun 2017, aka sake kama wasu cikin shekarar, babu dillalin kirki da zai shiga wannan layi saboda bindiga ɗaya da mutum ɗaya ke sha'awa. Wanda ya ce maka zai kawo maka ita ta Jibiya ko ta Maigatari a cikin buhun masara, gidan yari yake yi maka talla.

Harsashi, inda maganar take mutuwa

A ce ma an ba ka takarda, an kawo bindigar. Me za ka zura mata? Harsashin lamba 12, wato lambar faɗin bakin bindigar tsuntsu da aka saba da ita, ne kaɗai ya zama gama-gari a ƙasar nan, shi ma da tsada kuma da takarda. Tsofaffin Drilling yawanci lamba 16 ne, da yawansu masu gajeren ɗakin harsashi na 65mm, in ka cusa musu na 70mm ka jawo wa fuskarka. Harsashin raifil ɗinsu kuwa mai leɓe ne a gindi, irin su 7x57R da 9.3x74R, wanda aka yi musamman don bindigar karyawa. Ka zaga daga Sabon Gari har Kurmi ba wanda ya taɓa riƙe shi.

Na taɓa riƙe Savage 24 a gidan wani dattijo da ya yi aiki da Turawan kamfani tun kafin a haife ka, ubangidansa ne ya bar masa da zai koma gida, aka mai da takarda sunansa. Ya ciro ta daga cikin tsohon bargo. Katakon ya yi baƙi da man hannu, ƙarfen ya koɗe a daidai inda tafi ke kamawa. A kan kunnen da ake ja baya da babban yatsa akwai ɗan maɓalli, ka tura shi ta harba na sama, ka dawo da shi ta harba na ƙasa. Da na karya ta na ɗaga wa haske, bakin ƙasa na .410 yana sheƙi. Na sama, ɗan ramin .22 da bai kai kaurin fensir ba, duhu ne ƙirin. Zanzaro ya shiga ya yi ginin laka a ciki. Ya miƙo mini gwangwanin ashana da ragowar harsashin .22, duk sun yi tsanwa, ya ce tun da na ubangidansa suka kusa ƙarewa ya daina taɓa su, yana ajiya don ranar da ba ta zo ba. Kurciya da hasbiya yake ci da bakin ƙasa. Da wani yaro ya ɗauka ya zura ɗaya daga cikin tsofaffin nan ya harba a kan lakar, da labari ya sha bamban. Sai da muka tsaya muka zare ginin da sandar goge baki kafin in tafi.

Kuma .410 ɗin da ke yawan zuwa da masu arhar ba abin dogaro ba ne ga zabo. Darmar da ke cikinsa giram 14 zuwa 19 ce, ta lamba 12 kuwa giram 28 zuwa 36. Zabon daji tsuntsu ne mai taurin rai da kaurin gashi. Da .410 in ya wuce mita 25 sai dai ka fige masa gashi ya tafi ya mutu a inda ba wanda zai yanka shi, ka yi asarar harsashi ka kuma yi mushe.

Inda harsashi ke sauka

Wannan ne abin da ya fi damuna, fiye da doka da tsada. 'Ya'yan darmar tsuntsu in sun yi mita 200 zuwa 300 sun zube. Ɗan ƙaramin .22 da yara ke rainawa yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi, gargaɗin ma a jikin kwalinsa yake. Babban harsashin raifil ya haura kilomita uku. Bajamushen da ke kan dandamalinsa ƙasa yake harbi, in ya kuskure ƙasa ce ke haɗiye harsashin. Kai a tsaye kake a shimfiɗaɗɗen fili, bakin bindigarka a miƙe. Yanzu ka tsaya a kowace gona tsakanin Kano da Rano a watan Janairu ka juya. Ina ne za ka nuna da hannu ka rantse babu mutum cikin kilomita uku? Ga mata masu itace, ga yaro da awaki, ga rugar Fulani bayan kuka, ga mai babur a kan burtali, ga masu noman rani a fadama, ga hazon hunturu ya rufe komai daga mita ɗari biyu. Ƙasar Kano tana cikin wuraren da suka fi cunkoson manoma a duk Afirka ta Yamma. Dajin da ya rage mai faɗin da raifil za ta sake shi ne irin Falgore, can Doguwa da Tudun Wada da Sumaila, shi kuwa gandun gwamnati ne, an hana farauta a cikinsa.

Sannan dabbar da za ka nema da bakin raifil ɗin ina take? Gwanki da kanki da ɓauna sai a labarin tsofaffi ko a Yankari. Abin da ya rage mana zabo ne, da fakara, da zomo, da gafiya, da gyazbi a bakin rake, da kirinjijiya da ɗinya a madatsun ruwa irin Tiga da Bagauda, sai gada jefi-jefi, ita ma tana ƙarewa a idonmu. Gadar nan da ka ce tana tsaya maka nesa, in ka tambaye ni, nisan nan ne ya sa har yau akwai saura.

Akwai kuma abin da masu bidiyo ba sa nunawa. Taura biyu ba ta taunuwa. Zabi sun tashi fir a gabanka, kana da daƙiƙa biyu, harbi ɗaya kawai kake da shi na tsuntsu maimakon biyu, kuma in maɓallin yana kan bakin sama, ƙwaya ɗaya ka aika sama ta tafi neman inda za ta sauka. Ko a Jamus wannan kuskure sananne ne ga masu Drilling. In ka ɗora mata madubin hangen nesa don raifil, ya tare maka ido a harbin tsuntsu. In ka cire shi, raifil ɗin ya rage amfani.

To me za ka yi

Abin da kake nema, wato shiri biyu a bindiga ɗaya, baki-biyun da ka raina tana ba ka mafi yawansa. In tana da kunama biyu, zura mai ƙananan 'ya'yan darma, lamba 4 ko 6, a bakin dama don zabo da fakara, zura mai manyan 'ya'ya, BB ko AAA, a na hagu don abin da ya fi su jiki. Yatsanka ne ke zaɓa, ba maɓalli, ba tunani. Haka nake fita tun ina saurayi. Abin da ba za ta ba ka ba shi ne nisa, shi kuwa nisa da ƙafa ake cinye shi: ka bi iska ta fuskarka, ka fito da asuba, ka koyi saɗaɗe har ka shiga mita 30. Kafin rani ya kama ka sami babban kwali ka kafa a gindin tudun da ba kowa a bayansa, ka auna taku 30 ka harba kowane baki sau ɗaya, ka ga inda kowanne ke zuba 'ya'yansa. Maharba da yawa sun shekara ashirin da bindiga ba su taɓa ganin wannan ba.

In kuma a zuciyarka akwai tunanin tsaron gida saboda halin da ake ciki, cire wannan bindiga daga lissafi. Harbi biyu ne, sai ka karya ka ɗura, kuma harsashin raifil a cikin unguwa irin Hotoro yana huda ƙofa da taga ya shiga gidan maƙwabci.

Kada kuma wani ya kai ka wurin maƙeri ya ce zai liƙa maka bakin raifil a kan baki-ɗaya. Ƙera bindiga ba izini laifi ne mai zaman kansa, ga shi matsin da babban harsashin raifil ke yi a cikin ƙarfe ya ninka na lamba 12 sau huɗu zuwa biyar. Bututun da ya jure albarushin adaka ba zai jure wannan ba, kuma a daidai idonka zai buɗe. Ka kuma riƙa tuna hanya. A Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo suna kan hanyar dawowa gida Kano yin Sallah, bayan an ga bindigogin toka a motarsu, Allah ya ji ƙansu. Duk bindigar da ka fita da ita, lasisinta na asali ya kasance a aljihunka, ita kuma a karye, ba harsashi a ciki, a cikin jakarta.

Hanya ɗaya da na ga irin wannan bindiga tana faɗowa hannun mutum a Kano ita ce gado, daga gidajen tsofaffin ma'aikata da sarakuna da waɗanda suka zauna da Turawa. In haka ta faru a danginku, ka sani lasisi ba ya cikin abin da ake rabawa, da sunan mamacin yake kuma ya ƙare da shi. A sanar da 'yan sanda, a kai ta ma'ajiyarsu a karɓi rasit mai ɗauke da lambar jikinta, sannan magajin da ke so ya nemi takarda da sunansa. Kafin a kai ta kada kowa ya gwada harbawa, kada kuma a goge ƙarfen da sanfefa don ya yi ƙyalli, domin ƙananan tambarin da ke ƙarƙashin bakunan, wajen maƙarya, su ne ke nuna ƙasar da aka yi ta da faɗin kowane baki da tsawon ɗakin harsashi, kuma su jami'in zai duba ya san kashin da za a rubuta ta a ciki.